Sifana 15 ta ƙi shiga, 16 tana zamewa

Ɗanlami: Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan'uwa. Tambaya ce a kan tsohon injin gas Lister CS 6/1, na Ingila na asali, irin mai jan injin niƙa. Ana so a kwance shi ƙasa-ƙasa a sake haɗawa. Matsalar notuna ce. Wasu 15 ba ta shiga, 16 kuma tana juyawa a banza, an gwada 5/8 ta inci ita ma rawa take yi. Ƙananan kuma 13 ta ƙi, 14 ta yi yawa. Baniya, ma'aunin kauri, ta nuna milimita 15.2 a manyan, 13.3 a ƙananan. Kawunan ne suka cinye, ko wata sifana ce daban?

Baba Tanimu: Wa alaikumus salam. Ɗanlami, ajiye 16 ɗin nan tun ba ta mayar da kan notin ƙwallo ba. Babu abin da ya cinye. Whitworth ke nan, awon Ingila na da, wanda Joseph Whitworth ya tsara a 1841. Abin da ke rikita mutane shi ne lambar da ke jikin sifanar Whitworth ba faɗin bakinta ba ne, kaurin ƙusar da take kwancewa ne. Mai 15.2 ɗin, sifanarsa an rubuta mata 5/16 W, wato Whitworth, ko 3/8 BSF, wani awon na Ingila, bakinta milimita 15.24. Mai 13.3 kuma 1/4 W, ko 5/16 BSF, bakinta 13.34. Sauran da za ka ci karo da su: 3/16 W ita ce 11.30, 3/8 W ita ce 18.03, 7/16 W ita ce 20.83, 1/2 W ita ce 23.37, 9/16 W ita ce 25.65, 5/8 W ita ce 27.94, 3/4 W ita ce 33.02. Kwafe su a kwali ka manna a bango.

Ɗanlami: Na gode Baba. Amma me ya sa sifana ɗaya take ɗauke da lamba biyu?

Baba Tanimu: Saboda Whitworth na farko babban kai ne da shi. Da aka fito da BSF, mai ƙananan haƙora, a 1908, sai aka ba shi kai mai ƙasa da mataki ɗaya. Lokacin yaƙin duniya na biyu kuma aka rage kan Whitworth ɗin ma don tattalin ƙarfe, ya koma daidai da na BSF. Shi ya sa ƙusa mai kaurin 3/8 za ta iya zuwa da kai 18.03 in tsohuwa ce sosai, ko 15.24 in ta bayan yaƙi ce. Kar ka dubi kai ka yanke hukuncin kaurin jiki.

Injiniya Bashir: Wannan jimla ta ƙarshe ta Baba ita ce gaba ɗaya maganar. Tambaya biyu ce ake haɗawa wuri ɗaya: wace sifana ce ta kama kan, da kuma wane tiredi ne a jiki. Amsar ta farko ba ta ba ka ta biyu. Injinan motocin MG da Morris na kafin tsakiyar shekarun 1950 tiredinsu na milimita ne irin na Faransa, amma kawunan Whitworth ne, domin masana'antar da ke ƙera su a Coventry asalinta ta kamfanin Hotchkiss na Faransa ce, Morris ya saye ta a 1923 da injinanta na yanka tiredi. Wanda ya ga sifanar Whitworth ta kama ya je ya sayo BSF ya ɗaura, ya kashe ramin.

Oga Sule: Ni dai ina ganin ana tsawaita zance. Mutum yana da aiki a gabansa, ba zai jira saitin Whitworth daga ƙasar waje ba. Soket 18 tana kama 3/8 W cif. 28 tana kama 5/8 W. 33 tana kama 3/4 W. 21 tana yi wa 7/16 W aiki in mai kusurwa shida ce. Ragowar kuma a sami fulat 15 da 13 da 11 na banza a goge bakinsu da magagari har su shiga. An gama.

Injiniya Bashir: Oga Sule, rabin maganarka daidai ce. 18 da 28 da 33 babu gardama, bambancin bai kai kaurin gashi ba. 21 a kan 20.83 akwai sarari na 0.17, ga kuma sararin da aka bar wa soket ɗin tun daga masana'anta, to mai kusurwa shida kawai, kuma ba a kan notin da ya yi tsatsa ba. Inda ban yarda ba shi ne fulat da aka goge. Fulat fuska biyu kawai take kamawa. In an goge ta da hannu, da wuya fuskokin biyu su tsaya daidai da juna, bakin yakan buɗe waje kamar bakin kada, sai ƙarfin ya taru a kusurwar notin. Ta yi wa ƙananan notunan murfi, amma kar a kai ta kan na tof silinda ko na kwanrod.

Oga Sule: To 1/2 W fa? 24 ba ta yi?

Baba Tanimu: Ba ta yi. 24 a kan 23.37 sararin ya wuce rabin milimita. Ko 15/16 ta inci, mai 23.81, rawa take. Wannan da 5/16 W da 1/4 W suna cikin waɗanda dole a nemo na ainihi, domin babu ta milimita ko ta inci da ta zo kusa da su. A duba wajen masu tsofaffin kayan aiki a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, cikin tarin sifanonin da ake zubewa a ƙasa. A nemi harafin W, ko BS, ko BSF a jiki. Wanda aka rubuta wa AF ba shi ba ne, wannan faɗin baki ne da inci. Je da baniya a aljihu, domin tsohuwar fulat bakinta yakan saki.

Malam Habu Mai Lez: Akwai hanya ta tsakiya. A sami soket 15 mai kusurwa shida, mai kauri irin baƙar nan ta injin iska. Abin da ake buƙatar cirewa 0.12 ne kacal a kowace fuska. Da ƙaramin magagari mai lu'ulu'u ana yi a hankali, fuska shida, ana gwadawa da noti mai lafiya. Ta fi fulat ɗin nesa ba kusa ba. Abin da ban so shi ne a ɗora 15 a buga da guduma ta shige da ƙarfi. Tana kwancewa kam, amma notin ya tashi daga aiki, soket mai sirara kuma takan tsage.

Oga Sule: Bugawar tana da ranarta. In kan ya riga ya mulmule, notin ya mutu ko da ma.

Malam Habu Mai Lez: Nan na yarda. Amma sai an tabbatar akwai wanda za a mayar a gurbinsa.

Ɗanlami: Wannan ce tambayata ta biyu. Notuna uku sun lalace. Mai kaya ya ce noti na inci na Amurka yana hawa. Gaskiya ne?

Injiniya Bashir: Yana hawa, ba ya nufin ya dace. Ƙirga haƙora a tsawon inci ɗaya. Whitworth mai manyan haƙora: 1/4 yana da 20, 5/16 yana da 18, 3/8 yana da 16, 7/16 yana da 14, 5/8 yana da 11, 3/4 yana da 10. UNC na Amurka lambobin nan ne sak, shi ya sa yake hawa. A ƙusa mai kaurin rabin inci ne kawai suka raba hanya, Whitworth 12, UNC 13, zai shiga zagaye biyu ya cije. Bambancin da ido ba ya gani shi ne kusurwar haƙori: Whitworth digiri 55 da kai mai lanƙwasa, UNC digiri 60. In aka haɗa su, gefen haƙori ba ya kwanciya a kan ɗan'uwansa gaba ɗaya, wani ɗan layi ne kawai ke ɗaukar nauyin. A murfin gefe ko abin riƙe tankin mai, ba komai. A inda ake ɗaurewa da awo kuma injin ke dukansa kowane zagaye, a'a.

Masu ƙananan haƙora kuwa ba su ma kusa. BSF: 1/4 yana da 26, 5/16 yana da 22, 3/8 yana da 20, 1/2 yana da 16. UNF na Amurka: 28, 24, 24, 20.

Hajiya Rabi Kayan Gyara: Malamai, ku ƙara da tarkon milimita, domin shi ya fi kama masu saye a kanti. M10, wato mai kaurin milimita 10, mai tazarar haƙora 1.25, da 3/8 BSF: tazarar BSF ɗin 1.27 ce, kaurinsa 9.5. Notin M10 zai sulale a kansa har ƙasa da yatsa, mutum ya yi murna, ya ɗaura sifana, haƙoran su zube. Haka notin M6 da 1/4 BSF, tazara 1.0 da 0.98, sai dai nan notin ne ya yi ƙanƙanta, ana tursasa shi yana yankan sabuwar hanya. Duk wanda zai zo sayen noti ya zo da sitod ɗin a hannu, ko aƙalla ya danna tiredin a kan farar takarda da ɗan baƙin mai, ya auna inci ɗaya da rula ya ƙirga layukan.

Baba Tanimu: Hajiya ta kawo dabara mai kyau. Amma ganyen awon tiredi ba shi da tsada, a sayi biyu, wanda aka rubuta wa 55 da wanda aka rubuta wa 60. A wanke tiredin da kananzir da burushin waya, a ɗora ganyen, a ɗaga wajen haske. In haske na ratsowa ta gefen haƙora alhali ƙirgar ta yi daidai, kusurwar ce ba ɗaya ba.

Oga Sule: Duk wannan wahalar, me zai hana a bi ramukan da taf na milimita a huta har abada? 3/8 ya koma M10, kowane kanti akwai.

Malam Habu Mai Lez: Oga, yi lissafin. Tsohon ramin 3/8 Whitworth faɗinsa har cikin kwarin tiredi 9.5 ne. Diril ɗin M10 mai tazarar 1.5 shi ne 8.5. Wato diril ɗin bai share tsohon tiredin ba, kawunansa kawai ya aske. Tazarar tsohon 1.59, ta sabon 1.5. Kowane zagaye suna rabuwa da 0.09, kafin zagaye tara taf ɗin yana yanka tsakiyar tsohon haƙori. Abin da ya rage a ramin guntaye ne, ga shi bulok ɗin ƙarfen zubi ne mai gautsi. Zai ɗauru yau, ya tsige ranar da injin ya yi zafi. Ƙa'idar ita ce diril ɗin sabon tiredi ya fi cikakken faɗin tsohon. A kan 9.5 sai M12, diril 10.2, in naman da ke kewaye ya isa. Sannan a yanka sitod mai hawa biyu a lez, ƙasa M12, sama 3/8 kamar yadda yake, don kar a taɓa ramin abin da zai zauna a kai. Ko a sa zoben waya na gyaran tiredi, akwai shi a awon BSW da BSF.

Kuma lez da ke da akwatin giya na inci yana yanka Whitworth lafiya lau, a dai wasa bakin wuƙar digiri 55.

Injiniya Bashir: A kula da ƙarfen da za a yanka sitod ɗin da shi. Ba rodin gini ba. Tsofaffin ƙusoshin Ingila harafi ne a kansu, R ko S ko T, ƙarfin yana ƙaruwa a haka. Na Amurka layuka ne, uku ko shida. Na milimita 8.8, 10.9, 12.9. In za a maye gurbin mai S, kar a sauka ƙasa da 8.8.

Ɗanlami: An fahimta. Sai fayif ɗin mai da na ruwa, su ma babu abin da ya hau.

Baba Tanimu: Su BSP ne, awon fayif na Ingila, kuma lambarsu ta ramin fayif ce, ba ta tiredi ba. Wanda ake kira 1/8 kaurinsa 9.7, haƙora 28. 1/4 kaurinsa 13.2, haƙora 19. 1/2 ya kusa 21, haƙora 14. Na Amurka, NPT, 1/8 ɗinsa 27 ne, 1/4 kuma 18. Haƙori ɗaya ne tsakani, yana shiga, yana ɗigo, ana ƙara ɗaurewa, ƙarfen zubin ya tsage. M10 mai tazarar 1.0 ma yana yaudara a ramin 1/8. Sa'ar da aka yi, kayan famfo na ƙasar nan BSP ne, to wajen masu kayan ruwa za ka je, ba wajen masu kayan mota ba.

Amma fayif ɗin nozul daban ne. A famfunan mai na kamfanin CAV yawanci milimita ne, M12 ko M14 mai tazarar 1.5, gadon kamfanin Bosch na Jamus. Sifanar da ake so nan ita ce ringi mai tsaga, wadda ke ratsa fayif ta kama fuska biyar. A riƙe abin da ke ƙasa da wata sifanar kafin a juya, in ba haka ba fayif ɗin ne zai murɗe.

Isuhu Maraɗi: Sallama daga nan gefen. Tunda ana maganar awo, masu tsohuwar Peugeot 404 da 504 su lura da M7, kai 11, Faransawa suna son sa. Ba M6 ba ne, ba M8 ba ne, 1/4 na inci kuma yana shiga ramin ya yi kamar ya kama. Notin juye baƙin mai kuma rami ne mai kusurwa huɗu, milimita 8. Ana cusa masa alanki ko bakin hannun soket a lalata shi. Guntun ƙarfen ki mai 8 da sifana ya wadatar.

Oga Sule: Land Rover ta fi kowa rikici. Injinta mai lita 2.25 da ya fito a 1958 na inci ne irin UNF da UNC, giyabos da aksil suka daɗe da Whitworth, wajen 1980 injin mai metal biyar ya koma milimita. Mota ɗaya, saiti uku.

Injiniya Bashir: Huɗu, in ka sa kayan wuta na Lucas da ƙananan sukurorin kafireto. Su BA ne, awon ƙananan sukurori na Ingila, kusurwa 47.5. 2BA kaurinsa 4.7, tazara 0.81, kai 8.2. M5 da 10-32 duk suna neman shiga gurbinsa, a jikin tagulla ko alminiyon kuwa sau ɗaya ake kuskuren.

Garba Mai Babur: Ku ba masu babur wuri. Sukurorin murfin injin tsohuwar Honda da Yamaha ba Phillips ba ne ko da sun yi kama, awon Japan ne, JIS. Sukundireban Phillips ba ya zama har ƙasa, yana hawowa ya cinye giciyen. Alamar ita ce ɗigo ɗaya a kan sukurun. A sa baki na JIS lamba 3 ko 2 a direban bugu na hannu, a danna, a murɗa shi gefen kwancewa, guduma ɗaya mai nauyi.

Injiniya Bashir: Malam Garba, gyara kaɗan. Ɗigon asalinsa alamar tiredi ce. Wajen 1967 Japan ta sauya zuwa awon ISO, M5 ya tashi daga tazarar 0.9 zuwa 0.8, M4 daga 0.75 zuwa 0.7, sai aka riƙa sa ɗigo don a gane sabon. Saboda haka sukuru marar ɗigo a injin Japan ma bakin JIS yake so. Sauran bayaninka daidai ne.

Garba Mai Babur: Na karɓa, Injiniya.

Hajiya Rabi Kayan Gyara: Irin wannan ruɗanin akwai shi a masu rami mai tsini goma sha biyu na Jamus, a tof silinda na wasu tsofaffin Marsandi na gas da ƙusoshin shaf na Volkswagen. Sunansa XZN, murabba'i uku ne aka ɗora kan juna, kowane tsini digiri 90. Akwai wani mai goma sha biyun da tsininsa 120 ne, akwai kuma Torx mai shida. Masu saye sukan ce a ba su "mai tauraro" kawai. A ƙirga tsinin, a share ramin da tsinke har ƙasa, a buga bakin ya zauna sosai kafin a ja.

Ɗanlami: Allah ya saka. Mu dawo kan Lister. Sitod ɗaya na wajen salansa ya karye daidai da fuskar ƙarfen. Sannan ki ɗin filawil ya ƙi motsi.

Malam Habu Mai Lez: Kar a fara da abin ciro karyayye mai murɗin hagu. Ƙarfensa ya fi diril tauri, in ya karye a ciki an shiga uku. A ɗora washa mai rami daidai da sitod ɗin, a yi walda ta cikin ramin da sandar 2.5, sannan a ɗora noti a kan washar a cika shi. Walda ba ta kama ƙarfen zubi da sauƙi, sitod ɗin take kamawa, zafin kuma yana fasa tsatsar. A bar shi ya huce da kansa, a ɗiga mai, a riƙa juyawa gaba da baya kaɗan-kaɗan. In notin ya ɓalle a sake, sau uku ma ba laifi. Wayar ƙasa ta walda a maƙala ta kusa da wurin, kar wuta ta bi ta kiranshaf ta ƙona metal.

In dole sai diril: a goge saman ya kwanta, a buga fanci a tsakiya sosai, a fara da 3, a ƙara a hankali. A tsaya a 7.9 in 3/8 Whitworth ne, 8.3 in BSF ne, 6.5 in 5/16 Whitworth ne. Ragowar tiredin a zaƙulo shi da tsinke kamar waya, sannan a bi da taf na asalin awon. Sitod ɗin da bai karye ba kuma noti biyu ake ɗaurewa da juna a juya na ƙasa, ba filaya ba.

Baba Tanimu: Ki ɗin filawil ba a jan sa da ƙarfi kai tsaye. Mai kai ne, jikinsa kuma a zube yake, kusan ɗaya cikin ɗari, wato matsewa ce ta riƙe shi. A goge shaf ɗin da samfefa ciki da waje, a jiƙa da gas kwana biyu. A tokare ƙarƙashin shaf da katako don dukan kar ya tafi kan metal. A sami fayif mai kauri da zai ratsa shaf ya zauna a cibiyar filawil ba tare da ya taɓa ki ɗin ba, a buga cibiyar ta matsa ciki kaɗan, ko milimita ɗaya ce. Wannan ne ke sakin matsewar. Sannan a sa weji tsakanin kan ki da cibiyar, a tallafi kan ta ƙasa don kar ya lanƙwashe, a buga. Ba a dukan baki ko ƙafafun filawil, tsagar da ba a gani ba a ƙarfen zubi mai juyi 650 a minti ba abin wasa ba ce. Wajen mayarwa, in kan ki ya je ya manne da cibiya, ki ɗin ya cinye, a yi sabo. Dole a bar sarari da weji zai shiga nan gaba.

Oga Sule: In Lister ɗin na Indiya ne, irin wanda ake ƙerawa a garin Rajkot, kar a ɗauka jadawalin Baba zai yi daidai a ko'ina. Tiredin yakan zo Whitworth, kawunan kuma yadda aka samu. Kowane noti a auna shi.

Ɗanlami: Na asali ne, farantin Dursley, garin da aka ƙera shi a Ingila, na jikinsa. Abu na ƙarshe: littafin yana ba da ɗauri da fam-ƙafa, sandar awon da ke nan kuma Nm ce, wato newton-mita. Notunan kwanrod ɗin ma masu tsaga ne a kai, da fil.

Injiniya Bashir: Ninka da 1.356. Hamsin ta zama 68. In za ka ɗaura kan fulat a bakin sandar saboda soket ba ta shiga, sa shi a gicciye, digiri 90 da sandar, in ya miƙe gaba ya ƙara mata tsawo kuma ɗaurin zai wuce abin da ta nuna. Noti mai tsaga kuwa, in ka kai awo ramin fil bai fito ba, ba a sassautawa baya. Musanya notunan biyu ka gani, in bai yi ba ka shafa gindin notin a kan samfefa da aka shimfiɗa a gilashi, kaɗan, ka sake gwadawa. Fil sabo kowane lokaci, mai cika ramin.

Baba Tanimu: Kuma kafin ka ɗaura komai, huda kwali ka jera kowane noti da sitod yadda ka ciro su, ka rubuta awonsa a gefe. Mai manyan haƙora shi ke shiga bulok, mai ƙanana yana sama wajen noti, in sitod ɗin mai tiredi iri biyu ne.